Buddy Emmons da jitar ƙarfe mai feda: tambayoyi da amsoshi

A cikin waƙoƙin kantiri na Amurka, irin waɗanda gidajen rediyonmu suka daɗe suna sawa, akwai wani sauti da ke bin bayan muryar mawaƙi, yana zamewa sama yana gangarowa ba tare da ya tsinke ba. Da yawa sun san shi a kunne amma ba su taɓa ganin abin da ke fitar da shi ba. Wata jita ce da ake kwantarwa a kan ƙafafu huɗu. Amurkawa na ce mata pedal steel, mu a nan za mu riƙa ce mata jitar ƙarfe mai feda. Cikin duk waɗanda suka kaɗa ta, sunan da su kansu makaɗanta suka fi kamawa shi ne Buddy Emmons. Ga amsoshin tambayoyin da sabon mai sauraro ya fi yi a kansa da kan kiɗansa.

Wace irin jita ce wannan, kuma me ya sa a zaune ake kaɗa ta?

Ba a rataya ta a kafaɗa, ba a kuma danna tsirkiyarta da yatsu. Dogon akwati ne a kwance, tsirkiyoyi na kallon sama, makaɗi ya jawo kujera ya zauna a gabansa. Ta ƙwararru galibi wuya biyu gare ta, kowanne da tsirkiya 10. A hannun hagu makaɗi na riƙe da wani mulmulallen guntun ƙarfe mai santsi, bai fi tsawon yatsa da yawa ba, shi yake ɗorawa a kan tsirkiyoyin yana jansa dama da hagu. Hannun dama na sanye da farata uku: ɗaya na roba a babban yatsa, biyu na ƙarfe a manuniya da ta tsakiya. Ƙafar hagu na kan feda, yawanci 8 a jere. Ƙafar dama na kan wata feda daban, mai ƙara sauti da rage shi. Gwiwoyi ma ba a bar su sun huta ba, don akwai wasu libobi da ke rataye ƙarƙashin akwatin, huɗu ko biyar ko fiye, da gwiwa ake tura su.

Shi ya sa in ka ga bidiyon makaɗinta sai ka ɗauka ba abin da yake yi. Kai a sunkuye, kafaɗa ba motsi, fuska kamar ta mai lissafin kuɗi. Rabin aikin a ƙasa yake, inda kyamara ba ta cika lekawa ba.

To takamaimai me fedar take yi?

Wanda ya san kalangu ya riga ya san rabin amsar. Mai kalangu yakan matse tsirkiyoyinsa a hammata, fata ta ɗame, murya ta tashi. Ya sassauta, ta sauko. Haka feda take yi, sai dai ita zaɓar tsirkiyar da za ta ɗame take yi. Daga kowace feda akwai siririn ƙarfe da ya hau zuwa cikin akwatin, yana juya wani ɗan ƙarfe da aka ɗaure ƙarshen tsirkiyar a jikinsa. Ka taka, tsirkiya ta ƙara ɗamewa daidai gwargwadon da aka saita mata. Ka ɗaga ƙafa, ta koma mazauninta.

Ga yadda abin yake a kunne. A ce makaɗi ya kaɗa tsirkiya uku tare, suna ba da do, mi, so. Kafin amonsu ya mutu sai ya taka feda biyu na farko: mi ta hau ta zama fa, so ta hau ta zama la, ita kuwa do tana nan daram inda take. Sautuka biyu sun yi tafiya, ɗaya ya tsaya yana jiransu. Ƙarfen hannu shi kaɗai ba zai iya haka cikin sauƙi ba, tunda miƙaƙƙe ne, in ya motsa duk tsirkiyoyin da ke ƙarƙashinsa tare suke tafiya. Wannan tafiyar wasu da tsayuwar wasu ita ce kukan da mutane ke cewa jitar tana yi.

Wane ne Buddy Emmons?

An haife shi ranar 27 ga Janairu, 1937, a garin Mishawaka na jihar Indiana. Yana ɗan shekara 11 mahaifinsa ya saya masa jitar ƙarfe marar feda, wadda ake ɗorawa a cinya, ya sa shi makarantar koyon kiɗan Hawai a South Bend. Yaron ya fi karkata ga abin da yake ji a rediyo, musamman hannun Jerry Byrd da Herb Remington. Yana shekara 16 ya bar makaranta ya shiga kiɗan gidajen rawa, har ya dangana da Detroit. A can ne mawaƙi Little Jimmy Dickens ya ji shi a 1955, ya ɗauke shi aiki ya tafi da shi Nashville, cibiyar kiɗan kantiri. Shekararsa 18.

Daga nan sai hawa. A 1957 ya shiga ƙungiyar Ernest Tubb, Texas Troubadours. A 1962 ya koma ta Ray Price, Cherokee Cowboys, ya gaji kujerar abokinsa Jimmy Day. Abokan sana'a na ce masa Big E.

Shi ya ƙirƙiro jitar?

A'a. Kaɗa jita da guntun ƙarfe daga tsibiran Hawai ya fito, kuma ana danganta shi da wani matashi, Joseph Kekuku, a ƙarshen ƙarni na 19. Salon ya bazu a Amurka, aka sa masa lantarki a farkon shekarun 1930. Feda ma ta riga Emmons: a 1948 Paul Bigsby ya ƙera wa Speedy West jita mai feda. Amma a lokacin aikin feda shi ne sauya saitin tsirkiya tsakanin wannan gaɓar kiɗa da waccan, kuma ana ƙoƙarin kada a ji motsinta.

Wanda ya juya lamarin shi ne Bud Isaacs. A ƙarshen 1953 ya yi wa Webb Pierce kiɗa a waƙar "Slowly", ya taka feda da gangan tsirkiya na cikin amo, don a ji zamewar. Waƙar ta yi mako 17 tana ta ɗaya a jerin waƙoƙin kantiri a 1954. Makaɗa suka ruɗe. Wasu suka riƙa huda jitocinsu suna ɗaura musu feda ta gargajiya da wayar rataye riga, kowa na neman wannan sautin ruwa a jallo.

Abin da Emmons ya yi ya zo bayan wannan. Fedar Isaacs guda ɗaya ce, tana ɗaga mi da so a lokaci guda. A 1956 Emmons ya raba ta biyu, kowane sauti da tasa fedar. Jimmy Day ma ya yi irin wannan rabon a daidai wannan lokaci, sai dai ya jera nasa fedar baibai da na Emmons. Har yau in mutum zai sayi jitar sai an tambaye shi: jerin Emmons kake so ko na Day? Mafi yawa na Emmons suke bi.

Raba feda ɗaya zuwa biyu har ya kai abin da za a yi ta yabo?

Ya kai, har ya wuce. Da feda ɗaya, hanya ɗaya ce: ka tafi, ka dawo. Da biyu, kana iya ɗaga so zuwa la ka bar mi a wurinta, sai haɗin sautukan ya koma mai duhu, irin na baƙin ciki. Kana iya ɗaga mi zuwa fa kaɗai, sai haɗin ya rataya, kunne ya ƙagu ya ji an sauke shi. Kana iya taka su duka biyu, sannan ka karkata idon sawu ka saki ɗaya a hankali ɗaya na danne. Wannan jujjuya ƙafa a kan feda biyu shi ne tushen kusan duk abin da ake ji daga jitar a waƙoƙin kantiri tun daga lokacin. Mai son jin farkonsa ya nemi "Half a Mind" ta Ernest Tubb, ta 1958.

Bai tsaya nan ba. A 1962 ya ƙara wasu siraran tsirkiyoyi biyu a wuyan da ake kira E9, waɗanda suka cike giɓin da ke tsakanin sautukan sama. Da su makaɗi ke iya jero sautuka maƙwabtan juna suna amo tare, kowanne a tasa tsirkiyar, ba tare da ya motsa ƙarfen hannu ba. An ji su a waƙar Ray Price "You Took Her Off My Hands" a wannan shekarar. Yau su ne tsirkiya ta 1 da ta 2 a kusan kowace jita irin wannan. Wato duk wanda ya zauna gaban jitar a yau, ko bai taɓa jin sunan Emmons ba, a kan shimfiɗarsa yake zaune.

Da wane faifai zan fara?

Da "Night Life" ta Ray Price, 1963. Willie Nelson ne ya rubuta waƙar, shi ma ya taɓa riƙe bes, wato jita mai kaurin murya, a ƙungiyar Price kafin ya yi nasa sunan. Waƙa ce ta mutumin da dare ya zame masa gida, yana sane da cewa ba rayuwar kirki ba ce, amma ita yake da ita.

Emmons ya kaɗa ta a ɗaya wuyan, C6, mai kaurin murya, wanda aka saita don haɗe-haɗen jaz. Tun kafin Price ya rera baitin farko jitar ta gama faɗa maka ƙarfe nawa ne kuma wane irin wuri kake. Haɗe-haɗen da ya buɗe da su ba irin waɗanda aka saba ji a faifan kantiri na lokacin ba ne, masu nauyi ne, suna saukowa ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa. Da mawaƙi ya shigo sai ya ja da baya. Price ya kai ƙarshen layi ya ja numfashi, Emmons ya amsa masa da gajeriyar jimla, ya yi shiru kafin layi na gaba ya fara. Da aka ba shi fili a tsakiya sai ya ɗaga murya, ya ciza tsirkiya da ƙarfi, ya sake komawa baya kamar ba shi ba.

Ka saurare ta sau biyu. Na farko ka bi mawaƙin yadda kowa ke yi. Na biyu ka toshe kunnenka daga kalmomi, ka bi jitar kaɗai daga farko har ƙarshe. Kuma don Allah ba da lasifikar waya ba. Ƙananan tsirkiyoyin C6 ba sa fita a nan. A sa abin kunne.

Bayanta sai "Someday Soon" ta Judy Collins, daga faifanta na 1968. Nan wani Emmons ne daban: murya garau, sama-sama, yana zagaye muryar mace ba ya taka ta.

Ni ba makaɗi ba ne. Me zan kasa kunne in ji?

Fara da daidaiton sauti. Jitar da aka saba gani tana da ƙananan ƙarafa a wuyanta da ke tsayar da sauti a daidai wurinsa, ko da yatsa ya ɗan kauce. Wannan ba ta da su, zane ne kawai a ƙarƙashin tsirkiya don ido. In ƙarfen hannu ya goce da faɗin ƙwayar shinkafa, duk haɗin ya yi tsami. Ga kuma wata matsala: in aka taka feda, akwatin kansa yakan ɗan lanƙwasa, sauran tsirkiyoyin su ɗan sassauta, dole kunne da hannu su gyara nan take. Ka saurari yadda Emmons ke zamewa daga nesa ya sauka a kan sauti cak, ba lalube.

Sai yadda yake kashe sauti. Tsirkiyoyin jitar nan suna da dogon amo, in ba a kashe na baya ba sai komai ya cakuɗe ya zama kunu. Makaɗi yakan kashe kowace tsirkiya da gefen tafin hannunsa ko da faratan, daidai lokacin da yake tayar da ta gaba. A wuraren da Emmons ke gudu, kowane sauti na fitowa shi kaɗai, da farkonsa da ƙarshensa. Wannan tsaftar ce ke sa ƙwararru girgiza kai, ba saurin ba.

Sai fedar ƙara. Sabon shiga yakan yi ta lilo da ita, kowane sauti ya kumbura ya sace, har mai sauraro ya ji jiri. Emmons yakan kaɗa tsirkiya fedar na ƙasa-ƙasa, sannan ya riƙa ƙara ta a hankali daidai yadda amon ke raguwa, sai sautin ya miƙe ya daɗe kamar ba zai ƙare ba. In ba an faɗa maka ba, ba za ka san ƙafarsa na aiki ba.

Na ƙarshe, wanda a ganina ya fi sauran: ka lura da wuraren da bai kaɗa komai ba. Mutum ne da ya fi kusan kowa a ɗakin iya gudu, amma yakan bar baiti guda ya wuce hannunsa na kan tsirkiya yana jira.

An ce ya yi faifan jaz. Da gaske ne, ko dai kantiri ne aka sa wa wata riga?

Da gaske ne. A 1963 ya je New York ya naɗi Steel Guitar Jazz a kamfanin Mercury, tare da makaɗan jaz na ainihi: Jerome Richardson a saksafon, Bobby Scott a fiyano, Art Davis a bes, Charlie Persip a ganguna. Art Davis ya yi aiki da John Coltrane, Persip kuma da Dizzy Gillespie, don haka ba mutanen da za su rage gudu don baƙo ba ne. Sun kaɗa "Cherokee", da "Oleo" ta Sonny Rollins, da "The Preacher" ta Horace Silver. Emmons na da shekara 26, kuma sana'arsa ta yau da kullum ita ce bin motar Ray Price daga wannan gidan rawa zuwa wancan.

Faifan abin girmamawa ne, ya buɗe ƙofar da ake zaton a rufe take. Amma in za a faɗi gaskiya, ba shi ne mafi daɗin jaz ɗinsa ba. Akwai wuraren da ake jin mutum ne ke nuna cewa shi ma zai iya. Wanda ya fi kwanciya shi ne Minors Aloud na 1978, da ya yi da Lenny Breau, gwanin jita da ya tashi a Kanada. Nan babu wanda ke neman shaida daga kowa, mutum biyu ne ke hira. A wannan shekarar kuma ya yi wasa da Danny Gatton a birnin Washington, aka naɗa, daga baya aka fitar da sunan Redneck Jazz Explosion. Mai son jin Emmons ya saki linzami ya nemi wannan.

Gaskiya ne akwai lokacin da ya koma kaɗa bes?

Gaskiya ne. A 1967 Ray Price ya karkata ga manyan ƙungiyoyi masu tarin goge irin na Turawa, wurin jitar ƙarfe ya ragu, Emmons ya bar shi. Aiki bai zo yadda ake zato ba a Nashville, sai tsohon abokinsa Roger Miller ya ba shi gurbin mai bes a ƙungiyarsa, ya koma Los Angeles. Mutumin da ya sake wa jitar fasali, ga shi yana cin abinci da tsirkiya huɗu.

Sai dai zaman ya yi albarka. Situdiyoyin Los Angeles suka gano wanda ke garin, suka riƙa kiransa da jitarsa. A nan ya yi wa Judy Collins kiɗa, da Carpenters, da John Sebastian, da Gram Parsons a faifansa GP na 1973, da Ray Charles a Volcanic Action of My Soul na 1971. Ta haka sautinsa ya shiga kunnuwan da ba su taɓa sauraren Ernest Tubb ba. A wannan zamanin ne kuma, 1970, ya fitar da faifan da masoyansa ke kira baƙin faifai saboda launin bangonsa, wanda ɗaliban jitar ke haddacewa har yau. Ya koma Nashville a 1974.

Ina ganin sunan Sho-Bud da Emmons a gaban jitoci. Nasa ne?

Duka biyun da hannunsa a ciki. Bai cika shekara 21 ba suka kafa Sho-Bud shi da Shot Jackson, makaɗi kuma maƙeri, suka haɗa farkon sunayensu. Daga baya Emmons ya zo da sabon tsari da Jackson bai karɓa ba, sai ya haɗa kai da Ron Lashley na jihar North Carolina suka kafa kamfanin Emmons a 1963.

Jitocin farko na wannan kamfani suna da wani tsarin ciki da ake jawo ƙarfe don ɗaga sauti, a tura shi don saukarwa. Saita su sai mai haƙuri, kuma jitocin zamani sun bar wannan hanyar sun koma ja kawai. Duk da haka tsofaffin na shekarun 1960 har gobe ana rububinsu, don makaɗa da yawa na rantsuwa cewa ba a sake yin jita mai irin muryarsu ba.

To shi ne ya fi kowa ke nan?

In ana maganar faɗin hannu, wato mutum ɗaya ya ƙera jita, ya sauya saitinta, ya raka mawaƙi, ya yi jaz, ya kuma ɗauko kiɗan Pachelbel na ƙarni na 17 ya kaɗa a taron makaɗan jitar ƙarfe na St. Louis, to ba shi da na biyu. An sa shi a zauren girmama gwanayen jitar ƙarfe a 1981.

Amma kunne ba ya bin takardar shaida. Akwai masu cewa a waƙa mai sanyi Jimmy Day ya fi shi taɓa zuciya, kuma ba za a ce sun yi ƙarya ba. Hannun Day na da wani nauyi da jinkiri da ba a koya. Ralph Mooney, wanda ya yi wa Buck Owens da Merle Haggard kiɗa kafin ya daɗe da Waylon Jennings, salonsa tsalle-tsalle ne mai kaifi, da ka ji ka san shi ne. Tom Brumley ya yi gaɓa ɗaya a "Together Again" ta Buck Owens a 1964 wadda ta isa mutum ya yi suna da ita har abada. Kuma akwai abin da za a iya riƙe wa Emmons: wasu faya-fayansa na baya, musamman na shekarun 1980 da 1990, sun yi santsi da yawa, komai a goge, babu ƙurar gidan rawa da ke jikin aikinsa da Tubb da Price. Laifin zamanin ne fiye da nasa, amma a kunne ana ji.

Shi ne nake ji a waƙoƙin Don Williams?

Galibi ba shi ba ne, Lloyd Green ne. Shi ya yi wa Don Williams kiɗa a manyan faya-fayansa na shekarun 1970, wani lokaci da jitar feda, wani lokaci da dobro, 'yar'uwarta marar lantarki. Tunda kaset ɗin Don Williams sun zaga Najeriya lungu-lungu, da wuya in ba hannun Green ne mutanenmu suka fi ji ba, ko da ba su san sunansa ba. Salonsa taƙaitacce ne, ya dace da mawaƙin da ba ya ɗaga murya. Shi ma a kan saitin E9 mai tsirkiyoyin nan biyu na Emmons yake kaɗawa.

An taɓa kaɗa ta a Najeriya?

Ƙwarai. King Sunny Ade ya shigar da ita kiɗan juju, Demola Adepoju ne ke kaɗa masa. Faifan Juju Music na 1982, wanda kamfanin Island ya fitar wa kasuwar Turai da Amurka, ya sa masu sharhi a can mamakin jin jitar da suka ɗauka ta Nashville ce tana yawo a tsakanin gangunan Yarabawa. Adepoju ba kwaikwayon Emmons yake ba. Ya fi dogara da zamewar ƙarfen hannu, layi ɗaya siriri yana shawagi a saman kiɗan, abin da ya fi kusa da tsohon salon Hawai. Ka saurari "Ja Funmi" bayan "Night Life" ka ji nisan da kayan kiɗa ɗaya zai iya yi.

Hular da aka san Emmons da ita fa?

Baƙar hula ce mai zagayen kai da ɗan gajeren baki, irin ta Turawan Ingila na da. Ta zame masa alama, har in aka zana hular kaɗai masoya jitar sun san wa ake nufi.

Yaya ƙarshen aikinsa ya kasance?

Ya shafe kusan shekara 10 yana yawon wasa da Everly Brothers, yana kuma fitar da faya-fayan kiɗan rawa na swing tare da Ray Pennington. Wajen 2001 ciwo ya kama babban yatsansa na dama da wuyan hannu, irin wanda maimaita motsi ɗaya shekara da shekaru ke jawowa, ya yi fiye da shekara bai kaɗa ba. Ya dawo, amma bai koma aikin situdiyo na kullum ba. Matarsa Peggy, wadda ya aura a 1967 kuma ake cewa ita ta daidaita masa rayuwa, ta rasu a ƙarshen 2007, daga nan ya janye daga idon jama'a. A 2013 abokan sana'a suka haɗu suka yi faifan girmama shi, The Big E, Steve Fishell ya shirya, wanda daga baya ya rubuta tarihin rayuwarsa aka buga a 2022. Emmons ya rasu ranar 21 ga Yuli, 2015, a Nashville, yana da shekara 78.

Wanda ya ji sha'awa, zai iya koya?

Zai iya, amma ya shirya. Jitar da tsada, ba a samunta a kowane shagon kayan kiɗa, mai wuya biyu kuma a cikin akwatinta takan kai kilo 30. Duk inda aka je sai an kifar da ita an ɗaura ƙafafu, an saƙala ƙarafan feda ɗaya bayan ɗaya, a tayar da ita, sannan a saita tsirkiya, a saita kowace feda da kowace liba daban. Tsirkiya ta 3 siririya ce ƙwarai, feda na ɗame ta tana saki dare da rana, don haka ta fi kowace saurin tsinkewa, sau da yawa a tsakiyar waƙa.

Hanya mafi sauƙi ita ce wadda Emmons kansa ya bi: a fara da marar feda. Ko jita ta yau da kullum aka ɗaga tsirkiyoyinta sama kaɗan aka kwantar a cinya, aka sami guntun ƙarfe mai santsi, ta isa mutum ya koyi sauka a kan sauti daidai da kashe tsirkiya. Wanda bai iya waɗannan biyun ba, feda takwas ba za su rufa masa asiri ba.

Bayan Emmons, wa zan saurara?

Paul Franklin shi ya riƙe situdiyoyin Nashville tun shekarun 1980, ya kuma yi wasa da Dire Straits a faifansu On Every Street na 1991. A 2013 shi da Vince Gill suka fitar da Bakersfield, faifan da aka ba jitar fili sosai, kuma naɗinsa na zamani ne, komai na fita tas. Wanda ke son jin ta a wata duniya daban ya nemi Robert Randolph. Shi a cocin House of God ya koya, inda baƙaƙen fatar Amurka suka daɗe suna amfani da jitar ƙarfe a wurin ibada tun shekarun 1930, kuma kiɗansa ihu ne da gudu, ba kuka ba. Ga masu son komawa baya kuma, akwai Pete Drake, wanda ya yi kiɗa a "Lay Lady Lay" ta Bob Dylan a 1969, da Curly Chalker, wanda a wuyan C6 shi ne mutumin da aka fi gwada Emmons da shi.